Indararon da Ya Ƙi Zubar da Ruwa

Akwai wani mutum, manomi, da ya ƙudura a ransa zai gina wa mahaifiyarsa ɗaki mai rufin azara. Tsohuwar ta makance, tana kuma zaune a ɗakin ciyawa, kullum tana fargabar gobara, gama in hayaƙi ya tashi makaho ba ya sanin inda ƙofa take. Da rani ya yi, sai ɗan ya tara ƙasa, ya sayi azarar giginya, aka ta da bango. Sa'ad da aka kai ga rufi, ya yi niyyar kiran tsohon maginin da ya rufa wa rabin garin ɗakunansu.

Mahaifiyarsa ta ji labari, ta ce, "Ɗan nan, ga naka a gida za ka kai wa bare aiki? Mai sunan Baba ba gini yake yi ba?"

Wanda take kira mai sunan Baba ɗan ƙanenta ne, wato taubashin manomin. Tun suna yara ba sa magana sai da zolaya. Shi ɗan namiji ne, manomin ɗan mace, saboda haka "bawana" yake ce masa, ko a gaban surukai. In zancen bango ne, ya iya aikinsa. Hannunsa da sauri, bakinsa kuwa ya fi hannun sauri. Amma rufin azara, ba wanda ya taɓa ganin ya yi shi kaɗai, ba kuma wanda ya tambaye shi.

Ya iso da rawar jiki, ya ce, "Bawana, ashe ka san ubangidanka in abu ya kai maka wuya. Kawo tuwo ka koma gefe."

Ya jera azara, ya shimfiɗa zana, ya zuba ƙasa, ya yi yaɓe, ya kafa indararo. Da ya gama sai ya leƙo daga bisa, ya ce, "Hawo ka gani, ko tsani ma tsoronsa kake ji?"

Manomin ya ɗora ƙafa a kan tsani. Sai ya tuna cewa duba aikin ɗan'uwa kamar tuhuma ce, mahaifiyarsa kuma tana zaune a inuwa tana jin kome. Ya janye ƙafarsa, ya ce, "In hau in ga me? Ƙaryar da ka shimfiɗa?" Suka yi dariya su biyu. Tsohuwa ta sa musu albarka, ta tare a sabon ɗakinta.

Ruwan fari ya sauko da la'asar. Manomin yana tsaye a bakin zaure yana kallo. Indararon maƙwabcinsa yana kwarara kamar an karkata tulu, na gidan da ke bayansa ma haka. Nasa kuwa sai ɗiga yake yi, ɗis, ɗis, har ruwan ya ɗauke. Ya tsaya yana lissafi a zuci. Ruwa ɗaya ne ya sauka a kan rufinsa da na maƙwabci. Na maƙwabci ga shi can yana gudu a kan hanya. Nasa fa, ina ya tafi?

Tambayar ta bi shi gona, ta biyo shi gida. Ran kasuwa ya haɗu da taubashinsa a rumfar masu nama, ya ce, "Ɗan kawu, indararon nan naka ba ya zubar da ruwa."

Taubashin ya juya wajen mutane, ya ce, "Ku ji fa. Ɗakin marowaci ne, ko ruwan sama ba ya bari ya fita. Gado ya yi."

Rumfa ta kwashe da dariya. Manomin ma ya yi, domin wanda ya ɗaure wa taubashinsa fuska a cikin jama'a shi ake wa kallon marar tarbiyya. Ya koma gida da tambayarsa yadda ya fito da ita.

Ba a daɗe ba, danshi ya bayyana a tsakiyar rufin daga ciki, baƙi, faɗinsa kamar faifai. Manomin ya aika aka kira taubashin. Ya zo, ya durƙusa ya gai da gwaggonsa, ya ba ta dariya har ta yi tari, sa'an nan ya kwaɓa ƙasa ya hau da ita, ya ƙara yaɓe. Ya sauko yana karkaɗe hannu, ya ce, "An gama. Bawana, ka daina kuka kamar amarya." Danshin ya bushe na 'yan kwanaki, ya komo ya fi na dā faɗi. Aka sake kiransa, ya sake ƙara ƙasa. Haka aka yi ta yi.

Wata rana matar manomin tana tankaɗe a tsakar gida, ta ce, "Maigida, ni dai kullum ina ganin ƙasa tana hawa, ban taɓa ganin ta sauko ba. Azarar nan jaki ce?"

Ya ce, "Ke me kika sani a gini?"

Ta ci gaba da tankaɗenta. Amma maganar ta zauna masa, tuwo ya daina yi masa daɗi. A gona, in gabas ta haɗa, sauran manoma sukan ɗaga kai su yi murna, shi kuwa sai hankalinsa ya koma kan rufin. Har ya kama kansa yana roƙon Allah a ɓoye hadari ya wuce wani gari, alhali geronsa yana bukatar ruwan.

Wata safiya ya shiga gai da mahaifiyarsa, ta ce, "Ɗan nan, ɗakin nan yana magana."

Ya ce, "Me yake cewa, Inna?"

Ta ce, "Ƙas, ƙas, kamar ana taka kara. Dā sai an yi ruwa nake ji. Yanzu ko rana ta take ina ji."

Ya ɗaga kai. Azarar tsakiya ta lanƙwasa, daidai bisa gadonta. Ya ce, "Inna, ki koma ɗakin surukarki kafin a gyara."

Ta ce, "In na fita daga nan, kafin azahar gari ya ɗauka mai sunan Baba ya yi aikin banza. Wa zai ƙara ba shi aiki? Da wane baki zan gaisa da ƙanena? Ka sami gwafa ka tokare, ka kama bakinka."

Ya tokare da gwafa, ya kama bakinsa. Amma da rana ta karkata, ya ga gabas ta soma yin baƙi, sai ya jingina tsani a bayan ɗakin, inda ba mai ganinsa, ya hau.

Tsakiyar rufin ta lotsa kamar akushi, ruwa kwance a ciki, ya yi kore, har ciyawa ta tsiro a gefensa. Bakin indararo yana can sama da ruwan, a bushe. Ƙasar da aka yi ta ƙarawa ta sha ruwa ta ƙoshi, ta zama taɓo mai nauyi. Ya taka sau ɗaya, ƙafarsa ta nutse, azara ta yi ƙara a ƙarƙashinsa. Ta cikin rufin ya ji mahaifiyarsa ta yi tari. Ya ja da baya a hankali, ya sauko.

Ya tarar da taubashinsa a gindin bishiya ana dara. Taubashin ya ce, "Ga bawana ya zo gaisuwa hannu wofi."

Manomin bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗan kawu, taso mu je gida."

A hanya taubashin ya jefa wasa, ba a amsa ba. Ya sake jefa wani, shiru. Kafin su kai ƙofar gida ya bar wasan. Suka shiga ɗakin, tsohuwa tana zaune a kan gadonta, iska ta soma kaɗa labulen ƙofa.

Manomin ya ce, "Zauna nan kusa da gwaggonka. Ga hadari ya taso. Mu jira ruwan a nan, mu uku."

Taubashin ya zauna. Ya ce, "Gwaggo, kin ga bawan nan naki yau..." Azara ta yi ƙas. Ɗanyar ƙasa ta faɗo masa a gwiwa. Ya dubi ƙasar, ya ɗaga kai ya dubi azarar, ya dubi gwafar da aka tokare ta da ita, bai ƙarasa maganarsa ba. Manomin yana tsaye a tsakiyar ɗaki yana dubansa.

Can taubashin ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Tun ruwan fari na sani. Ban ba rufin gangara ba. Ban iya ba, ban taɓa yi ni kaɗai ba, na ji kunyar faɗa. Kuma duk sa'ad da na yi wasa sai ka yi dariya, sai in ce ashe abin bai dame ka ba." Ya durƙusa a gaban gadon, ya juya baya, ya ce, "Gwaggo, hau."

Ta ce, "Mai sunan Baba, mutane za su ce..."

Ya ce, "Su ce. Ni na yi."

Ya goya ta ya fita da ita, ɗigon farko yana sauka a tsakar gida.

Kashegari taubashin da kansa ya je ya kira tsohon maginin. Aka kware rufin a tsakiyar damina, maƙwabta suna tsaye suna kallo, ruwa ya ɓata daɓen ɗakin, zancen ya zagaya kasuwa kamar yadda tsohuwar ta ji tsoro. Da aka kwashe ƙasar, aka tarar azarar tsakiya ta riga ta karye biyu. Zana da gwafa kaɗai suke riƙe da ita.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali.

Rufin nan shi ne zaman da muke yi da juna, a gida da cikin ikkilisiya. Ruwan kuwa laifi ne. Ba rufin da ruwa ba ya sauka a kansa, haka kuma ba gidan da ba a saɓa wa juna a ciki. Allah bai yi mana alkawarin zaman da ba laifi ba, amma ya yi wa laifi hanyar fita: a faɗe shi a fili, mai shi ya tuba, a gafarta masa saboda Almasihu. Wannan hanya ita ce indararo. In kun ga gidan da aka shekara ba wanda ya taɓa cewa "na yi kuskure", kada ku yi saurin yaba shi. Ku tambayi kanku inda ruwan ya tafi.

Ƙasar da aka yi ta ƙarawa ita ce abin da muke rufe magana da shi: wasa, da "ba kome", da "a bar wa Allah" da muke faɗa alhali tsoron mutum ne ya kama mu. Kowane ɗaya yakan sa danshi ya ɓuya na 'yan kwanaki, kowane ɗaya kuma nauyi yake ƙarawa.

Ku lura, ba mugu ko ɗaya a cikin mutanen nan. Taubashin kunya ya ji. Tsohuwar zumunci take karewa. Manomin ladabi ya yi. Da bare ne ya yi rufin, da tun ruwan fari an kama shi an sa ya gyara. Saboda na gida ne aka kusa binne tsohuwa da ranta. Mun fi jin nauyin faɗa wa na kusa gaskiya, shi kuwa na kusa yakan ɗauki dariyarmu a kan mun yarda. Sau da yawa ya riga ya san laifinsa, jira yake wani ya tsaya a gabansa da fuska ɗaya don ya sami inda zai sauke kayan.

Kuma wanda yake kwance a ƙarƙashin shirunmu ba mu ba ne. Mai rauni ne, wanda ba shi da ikon tashi: yaran da suke girma a gidan da uba yake sha ana mai da abin wasa, matar da ake duka dangi suna cewa a yi haƙuri, sabon mai bi da yake kallon yadda dattawa suke rufa wa juna asiri.

Na san waɗansunku tun ɗazu akwai fuskar da take zuwa musu a rai. Ƙane ne, ko aboki, ko wanda kuke zama benci ɗaya da shi. Ka yi addu'a, ka je ka same shi, ka janye shi daga cikin mutane, ka faɗa masa cikin ƙauna. Zai yi dariya, gama haka kuka saba. Ka bari dariyar ta ƙare, sa'an nan ka sake faɗa.