Katin da ke Tafin Hannu

An ce a garin Rafin Gora an yi wani Hakimi mai suna Jatau, wanda ba ya ganin abu ya wuce bai bi diddiginsa ba. Ran kasuwa wani baƙo mai rufa-ido, Mantau, ya yi wasan karta a ƙofar fada. Hakimi ya zaɓi kati, ya miƙa masa aka cakuɗa, sai ga katin an zaro daga rawanin Liman. Da aka tambayi Mantau asirin, ya ce iya hannu ne kawai, a tafinsa ya ɓoye. Hakimi bai yarda ba. Ya sa aka tsare shi, ya ce in bai faɗi gaskiya kafin Juma'a ba za a ƙone kartarsa, a kore shi a matsayin matsafi.

Washegari Tanimu wanzami yana yi wa Hakimi aski, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ya tuna mini labarin Cindo da maɗinki." Hakimi ya ce ya ba shi.

Tanimu ya ce Cindo mai rufa-ido ne, maƙwabcinsa Gambo maɗinki ya dame shi da tambaya. Rannan Cindo ya zaunar da shi ya nuna masa a hankali: a maƙale katin tsakanin gindin babban yatsa da ƙaramin yatsa, a saki hannu, a dubi fuskar mai kallo don shi ma fuskarka zai duba. Gambo ya gwada sau bakwai, katin na faɗuwa. Ya ce lallai akwai layar da aka ɓoye masa. Cindo ya ce to ya saurari labarinsa da maigidansa Audi, wanda ya koya masa sana'ar.

"Kati ɗaya ya ba ni," in ji Cindo, "ya ce in riƙa yawo da shi a tafi, kada in dawo sai mutane sun daina gani. Makon farko mahaifiyata ta ɗauka kunama ce ta harbe ni, don yadda na ƙanƙame yatsu. Sai da na shekara da wata biyar. Na je wurinsa muka daɗe muna hira, har ya yi mini faɗan na yar da katinsa. Na buɗe masa hannu, sai ga katin a tafina. Kai Gambo, layar zura zare a allura ba tare da ka duba ba, wa ya rubuta maka?"

Tanimu ya goge askarsa ya ce, "Gambo bai sake tambaya ba. Allah ya ja zamaninka, baƙon nan ya ba ka asirin tun jiya, ƙanƙantarsa ce ta sa ka raina."

Hakimi ya ce gaskiya ne, a kawo Mantau. Ya ba shi haƙuri da riga, ya roƙi kati guda. Ya maƙala a tafi, ya ɗaga hannu zai amsa gaisuwar fadawa, katin ya faɗo kan shimfiɗa. Ya sunkuya da kansa ya ɗauka, ya ce wa Mantau ya sake nuna masa inda ƙaramin yatsa ke zama.