Waziri Ilu a Kufan Zalɓe

A can zamanin da, tun ana auna girman gari da kaurin ganuwarsa, an yi wani sarki ana ce masa Nomau, mai birni mai ƙofa tara. Ana zaune lafiya sai rijiyoyin birnin suka fara ja da baya. Ba fari aka yi ba, damina tana zuwa yadda ta saba, amma kafin a gama sussuka sai ka ga mata suna ƙulla igiya a kan igiya, guga kuwa ya fito da taɓo.

Abin da ya ƙara tayar da hankalin mutane shi ne, gabas da birnin akwai kufai biyu, Zankuwa da Zalɓe, kuma ko yaro ya san ƙishirwa ce ta tashe su, ɗaya bayan ɗaya. Sai aka fara raɗe-raɗi a kasuwa cewa su ne na uku. Fatake suka daina yada zango. Ka kwana da maƙwabcinka lafiya, ka wayi gari ka tarar ya toshe ƙofarsa da ƙaya ya tafi.

Rijiya ɗaya ce tak ta ƙi ƙafewa, tana cikin unguwar Zalɓawa, jikokin waɗanda suka gudo daga Zalɓe shekara sittin da suka wuce. Maimakon a gode wa Allah, sai aka sa musu ido. Ranar wata Litinin Galadima ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mutanen da garinsu ya mutu a hannunsu ba su zo mana da alheri ba. Farar ƙafa gare su. Ta yaya namu ruwan zai gudu nasu ya tsaya, in ba da wani abu a ƙasa ba?"

Sarki ya yi kwana da kwanaki ba ya iya cin abinci don zullumi, kuma mai zullumi ba ya ƙin a nuna masa mai laifi. Ya ce a yi shela, Zalɓawa su fita daga birni, babba da yaro.

Waziri Ilu yana zaune, maganar kuwa ta shafe shi, domin mahaifiyarsa Gwamma Bazalɓiya ce, goye aka shigo da ita birnin, yanzu kuwa ko ƙofar gida ba ta kaiwa sai da sanda. Ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a gane maganin cuta sai an duba wanda ta kashe. A ba ni dama in je kufan nan biyu in tambaye su abin da ya same su."

Galadima ya yi dariya ya ce, "Waziri zai yi hira da kango."

Sarki ya ce, "Na ba ka kwana ashirin. In ka dawo hannu rabbana, kai za ka raka su, kuma ba sai ka dawo ba."

Kwana biyar Waziri ya yi a hanya da mutum huɗu kafin ya isa Zankuwa. Ganuwar ta zube ta zama tudu, sai kukoki tsaye kamar masu jiran gawa. Ya ga karofin marina cike da rairayi, duwatsun niƙa a kife, tsingaro ko'ina. Ya leƙa rijiyoyi, bakinsu duk gurbin igiya, ya jefa tsakuwa, ya ji ta faɗa kan busasshiyar ƙasa. Kwana uku yana zagayawa, bai sami komai ba sai tsoro, don duk lungun da ya shiga sai ya ga kamar lungun gidansu.

Zalɓe ta fi muni, saboda ita ba ta gama mutuwa ba. Soraye na tsaye, azara tana nan, har maratayin ƙwarya ya gani a wani ɗaki, jemagu sun mai da masallaci gidansu. A inuwar ƙofar gari ya iske wani tsohon Bafulatani mai suna Giɗaɗo yana hutawa. Suka gaisa, Waziri ya tambaye shi inda yake shayar da shanu.

Giɗaɗo ya ce, "A nan? Wane ni! Malam, na yi kiwo a kufai sun fi goma, kowanne in ka shiga za ka sami kududdufi da ruwa har bayan kaka. Ban da wannan da Zankuwa. Ruwan sama in ya sauka a nan, ta ƙofar nan yake fita a guje, kamar an biyo shi."

Waziri ya ɗaga kai ya dubi ganuwa, tsayinta ya kai gaba huɗu. To, kowa ya san gari da ƙasarsa ake gina shi, ramin da magina suka ɗebi ƙasar shi ke zama kududdufi, ruwan damina ya taru a ciki. Ina ramukan wannan ganuwa? Ya sa mutanensa su haƙa tsakiyar wani fili mai kyau, shimfiɗaɗɗe kamar tabarma. Suka wuce toka, suka wuce juji da fasassun tukwane, da suka kai zurfin mutum sai ga baƙin laka da ɓawon katantanwa. Ashe kududdufi ne aka cike.

Nan gaban Waziri ya faɗi, kuma sai na gaya muku dalili. Shekara huɗu kafin wannan, ɗan Sarki Nomau, ɗaya tilo, mai shekara biyar, ya faɗa kududdufin bayan fada, ba a ciro shi da rai ba. Don baƙin ciki Sarki ya sa aka cike duk kududdufan birni, ya ce wanda ya bar ko guda a bakin ransa. Galadima ne ya tsaya kan aikin, filayen kuwa ya kafa wa dawakinsa turaka a kai. Tun ran nan ko sunan kududdufi ba a ambata a fada.

Waziri ya ƙulle lakar a gefen rawaninsa ya juyo gida, ya iso saura kwana biyu. Bai biya fada ba, ya zarce wurin mahaifiyarsa, ya durƙusa ya kwance ƙullin a gabanta.

Tsohuwa ta shafa lakar. Sa'an nan ta ce, "Kama ni mu je." Ta bi da shi bayan rumbunan unguwa, ta cikin wata danga mai ninki biyu, sai ga kududdufi kwance, kainuwa ta rufe shi, taku talatin daga rijiyar.

Ya ce, "Inna! Kin san hukuncin wannan?"

Ta ce, "Na sani mana. Ni na hana a cike. Sarkinmu na Zalɓe kukan kwaɗi ne ya dame shi, ya sa aka binne namu, shekara shida gari ya watse. Baba yana bakin mutuwa ya ce mana, duk inda kuka sauka, kududdufi shi ke shayar da rijiya, kada ku yarda a rufe masa baki. Wa zan gaya wa? Mutumin da ya binne ɗansa?" Ta dube shi ta ce, "Ka faɗa a sare ni, ka yi shiru a kore mu, garin kuma ya bi bayan Zalɓe. Faɗi, ɗan nan. Na ci nawa rabon."

Waziri ya koma gida ya jira ranar wa'adi.

Ran cikar wa'adi fada ta cika maƙil. Sarki ya ce, "Me kufai suka gaya maka?"

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, kafin nan akwai wata shari'a da na tarar a hanya, ta fi ƙarfina. Wani maigida ne gobara ta ci ɗansa, sai ya rantse ba za a sake hura wuta a gidansa ba. Iyali suka koma cin ɗanyen gero, suna ramewa, suna gudu ɗaya-ɗaya. Ashe wata tsohuwa ta ɓoye garwashi a kasko tana dama wa yara kunu. Aka kama ta. Mene ne hukuncinta?"

Sarki ya ce, "Wane hukunci? Ita ce mai hankalin gidan. Shi kuwa maigidan abin tausayi ne, amma da murhun ya kewaye, ba wutar ya kashe ba."

Bai gama rufe baki ba ya gane inda maganar ta dosa. Waziri ya matso ya ajiye baƙin lakar a gabansa, ya faɗi inda ya haƙo ta, da abin da Giɗaɗo ya ce, da abin da ke bayan rumbunan Zalɓawa, bai rage komai ba. Ya ƙare da cewa, "Tsohuwar kuwa uwata ce."

Galadima ya zabura ya ce, "An karya dokar Sarki shekara huɗu, kuma an zo ana alfahari!" Dogarai suka dubi Sarki suna jira. Sarki ya ɗauki ɓawon katantanwar yana juya shi a tafin hannu, idonsa ya kaɗa ya yi ja, ba wanda ya san inda zai faɗa, Waziri kuwa har ya fara salati a zuci.

Can Sarki ya ce, "Na riga na yanke hukunci da bakina, ba na yankewa sau biyu. Zalɓawa su zauna. A kai wa Gwamma gaisuwata, a ce mata maigidan ya ji." Ya juya ga Galadima ya ce, "Kai ka san inda kowane rami yake, tunda dawakinka ke kai. Ka kwance su yau. Kai za ka ɗauki kwandon farko, kuma ba za ka sauke rawani ka huta ba sai an tone na ƙarshe."

Aka yi gayya rani guda ana haƙa. Damina ta zo ta cika ramuka, rijiyoyi ba su dawo nan da nan ba, sai da aka sake wata shekara cikin fargaba kafin guga ya fara fitowa da nauyi. Waɗanda suka toshe ƙofofinsu da ƙaya suka dawo suna cire ta, suna cewa dama ziyara suka je.

Kududdufin bayan fada shi aka bari ƙarshe, don ba wanda ya iya sa masa hauya, sai da Sarki ya fito da kansa ya yi saran farko. Da aka gama ya ce a kewaye kowane kududdufi da katanga. Sarkin Magina ya durƙusa ya tambayi tsayinta. Sarki ya miƙa tafin hannunsa daidai ƙugunsa, inda kan marigayi ɗansa yake kaiwa in ya jingina da shi, ya daɗe a haka. Sa'an nan ya ce a ƙara taƙi biyu.

Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan, Allah ya raba garuruwanmu da zama kufai.