Korau da Kurmin da Gatari Ba Ya Shiga

A zamanin da ɓauna ke kiwo a inda kasuwarmu take yau, an yi wani maharbi Bamaguje mai suna Korau. Kakanninmu suka ce kibiyarsa ba ta taɓa kuskure ba, kura ma in ta ji warinsa sai ta sake hanya. Kirarinsa kuwa: Korau na Tasalla, gagara ƙaya, mai bin sawu a kan dutse!

Wata shekara fari ya ƙone rijiyoyin mutanensa. Korau ya shiga daji shi kaɗai, kwana tara yana lura da inda kurciyoyi ke dosa da yamma, har suka kai shi wani kurmi na ɓaure da ɗinya da kanya. A tsakiya ga idon ruwa yana ɓuɓɓugowa. Ya sha, ya koma ya kwaso gida goma sha ɗaya. Da suka sauka, ya tsaya bakin ruwan ya harba kibiya gabas da yamma, kudu da arewa, ya ce iyakar inda suka faɗi, gatari ba ya shiga.

Ya tsufa, kai fari fat, sa'ad da wani mai wa'azi, Malam Istifanus, ya kawo bishara garin. Korau na cikin na farkon da suka ba da gaskiya. Da kansa ya ƙone layunsa.

Sai maganar gina majami'a ta taso, ga shi babu itacen rufi kusa sai a kurmi. Majiya ƙarfi suka ce ai dama wurin tsafi ne, a sare a huta. Da hantsi suka ɗauko gatura, jikan Korau mai suna Habila yana gaba, Malam yana biye. Suka tarar da tsohon zaune a gindin babban ɓaure.

"Tsoho, tashi kada reshe ya ƙarasa mana kai," in ji Habila. "Ko iskokin ne suka ba ka gadi?"

"Kai da ko zomo ba ka taɓa kamawa ba? Fara da ƙafata, ta fi taushi."

Malam Istifanus ya rusuna. "Baba, ba a nan kake yanka akuya a dā ba?"

"Na yanka, Malam, na kuma tuba. Amma jinin akuya bai taɓa riƙe ruwan nan ba. Kawo hannunka."

Ya sa shi ya tona ƙarƙashin busassun ganye. Ƙasar baƙa ce, da sanyi, har tana naso. Ya ja shi bayan iyaka inda aka sare daji don noma, ya ce ya sake tonawa. Malam ya tona har farcensa ya yi jini, bai ga danshi ba.

"Kai ka koya mini cewa Ubangiji ne ya halicci kome, ya ba mutum amana," in ji Korau. "To, saiwar itatuwan nan ita Ubangiji ya sa ta riƙe ruwan. In kun sare, da me za ka yi wa jikokin Habila baftisma? Da ƙura?"

Malam ya daɗe yana duban hannuwansa biyu. Can ya ce, "A mai da gatura gida."

Tafiyar yini biyu suka yi zuwa inda giginya take, suka ɗauko azara a kafaɗa. Korau bai yarda a bar shi a gida ba, da sandarsa ya je ya dawo.

Garin shi ne Idon Korau, ruwan kuwa bai taɓa ƙafewa ba. Har yau duk wanda aka yi wa baftisma a can, kafin rigarsa ta bushe sai ya dasa itace taku ɗaya bayan iyaka. 'Ya'yana huɗu, itatuwa huɗu. Ɗinyar babban ta fara 'ya'ya bara.