Duwatsun Hanyar Rafin Kirya

A zamanin da, a wata ƙasa, an yi wani Sarki mai suna Barmo. Babbar damuwarsa ita ce mutanen Rafin Kirya, manoman albasa, waɗanda fadama ta raba su da kasuwar birni. Da damina ta sauka jakuna sai su maƙale a taɓo, albasar da aka adana ta ruɓe a rumbu. Sarki ya yi umarni kowane gida ya kawo damin gero don ciyar da 'yan gayya, kowane namiji ya faso dutse a shimfiɗa a fadamar. Ya danƙa aikin ga Waziri Jatau.

To, al'adar ƙasar ita ce, duk hanyar da Sarki ya tuɓe takalmi ya taka, an karɓe ta ke nan, wanda ya kushe ta sai bulala.

Rani bai ƙare ba Waziri ya faɗi gaban Sarki. "Allah ya ja zamaninka, aiki ya kammala. A taka ta ranar Juma'a."

Sarki ya dube shi. Wannan Waziri ko rawani sai ya yi hantsi yana naɗawa, yau shi ke gaggawa?

Ana nan sai ga Tasalla, Magajiyar masu albasa, ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, kada ka taka. Mazanmu sun fasa dutse har tafin hannunsu ya tsage, amma ƙasa kawai aka zuba aka daɓe."

Waziri ya ce, "Ke tsohuwa, yaushe mai tallan albasa ta zama magina?"

"Ban iya gini ba, Waziri. Amma sabuwar katangar dutse ta gidanka ta yi kyau ƙwarai."

Sarki kuwa bai gaskata kowa ba, don ya san Waziri na da maƙiya masu iya sayen bakin tsohuwa. Sai ya ce ƙafarsa na ciwo, a dakata.

Ƙafar nan ba ta warke ba sai tsakiyar damina. Rannan aka kwana ana ruwa, da safe Sarki ya ce a tafi. A bakin fadama ya ce, "Waziri, mai aiki shi ke gaba. Bismilla."

"Zaki, a bari rana ta ɗan fito."

"Jakin talaka rana yake jira? Wuce."

Waziri ya tattare riga ya shiga. Bai yi nisa ba taɓo ya kama shi har ƙugu, yana ihu a miƙo masa sanda.

Tasalla ta ce, "Laluba da ƙafa mana, Waziri, ko za ka ji dutse!"

Sarki bai yi dariya ba. Ya sa aka rushe katangar, aka mai da duwatsun cikin fadama, Waziri na cikin masu ɗauka, ba rawani. Fadawa suka ce ai hukunci ya isa. Sarki ya ce ina ya isa? Albasar da ta ruɓe a bana fa, da geron da aka karɓa a bakin marayu? Sarki ya sa aka buɗe rumbunan Jatau aka raba wa mutanen Rafin Kirya gida gida.

Da aka sake hanyar, Sarki ya ƙi tuɓe takalmi sai da jakunan Tasalla suka ƙetare da kaya, cikin ruwan sama.