Birkin da Aka Ce Ya Karya Wasila

An yi wani mutum a Gazara, ɗan acaba, wanda har yau daga Makarfi zuwa Kudan ake cewa birkin gaba ne ya gama da shi. Na ji zancen a gidan suna, na ji a motar Ikara, har wani malami ya kawo shi misali, ya ce ga ƙarshen mai son ƙyale-ƙyale. Ni kuwa shekarun da na yi ina koyarwa sun bar ni da wata cuta: in kowa ya yarda da magana, sai in tambaya wa ya gani da idonsa.

Ba zan faɗi sunansa ba. Yana raye, kuma mutumin kirki ne. Ba ya wuce tsohuwa da kaya a ka bai tsaya ba.

Babur ɗinsa ya tsufa, gabansa ya mutu. Ko ƙaramin rami ya taka, sai mutum ya ji a ƙashin bayansa. Matarsa Wasila, da yake kai wa Makarfi ran kasuwa da tiren ƙuli-ƙulinta, ita ta matsa masa.

"Malam, ni dai hanjina ya gaji. In ba ka tausayin babur ɗin, ka ji tausayin masu hawa."

Da ya sare rakensa ya sayar, ya kai babur wurin Saminu bakanike. Aka sa masa sabon shok, ƙafafun nan biyu da ke riƙe da tayar gaba suna shanye gargada. Aka cire tsohon birki mai waya, aka sa mai aiki da mai, da faifan ƙarfe yana ƙyalli a jikin taya. Wane laifi ne a nan, ya 'yan uwa? Mutum ya gyara abin da yake ɗora rayukan bayin Allah a kai.

Amma 'yan acaban tasharsu suna da wata al'ada. In ka ajiye babur, sai wani ya matsa hannun birkinka. In ya ji shi sako-sako, kai gwani ne. In ya ji yana kamawa, ranar ka shiga uku. Sun gaji magana daga na gaba da su, wai birkin gaba yana wurgar da mutum, gwani da ƙafa yake tsayawa.

"Kai, ɗan koyo! Jirgin sama za ka tuƙa?"

"Ku bar shi, uwargida ce ta ce a sa. Gobe ma za ta ɗaura masa zani."

Ya yi dariya tare da su, amma maganar ta zauna masa a rai.

Wata safiyar kasuwa bayan an yi ruwa, ya ɗauko Wasila. A gangaren da ke kafin kwalbati, amalanken shanu ya fito daga gonar rake ya gitta hanya. Babur bai tsaya ba, ya daki amalanken. Masu noma a gefe sun ga mutum biyu sun tashi sama ta gaba. Shi ya karye a hannu, hannun ya ɗoru a karkace, ba ya iya riƙe kan babur. Ita ƙugunta ya tafi. Sai an ɗaga ta, sai an kwantar.

Kafin azahar an gama shari'a a tasha: birkin gaba ne. Masu irin birkin suka yi ta kwance nasu, kuma su ne ke ɗaukar 'ya'yanmu da jikokinmu. Mata masu zuwa dubiya kuwa sai su ce, "Sannu Wasila, da ma ba ki sa shi gyaran nan ba." Ta yarda. Kullum tana kuka tana neman gafararsa, shi kuma yana cewa ya yafe.

Na je wurin Saminu. Ya ce, "Hajiya, ni na ɗaura, na gwada, yana kamawa. Amma wa zai saurare ni? Cewa za a yi ina kare sana'ata." Na tambaye shi me ake dubawa, ya nuna mini a wani babur.

Daga nan na hau acaba zuwa Gazara, ina karanta duk addu'ar da na sani. Bayan mun gaisa da mutumin, na ce ya nuna mini babur. Yana jingine a bayan rumbu, kaji na kwana a kai. Na duƙa da gwiwoyin nan nawa marasa mutunci. Na shafa faifan, na bi tiyon mai da yatsa har sama, na sa ya buɗe mini ɗan tulun man da ke kan hannu. Na leƙa. Na dube shi, ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Ɗana, ni za ka faɗa wa, ko ita?"

Ya ce, "Baba, da wane ido zan dube ta?"

"Da wanda kake dubanta tana roƙonka gafara."

Kafin ku ji abin da ya ce, mu fara da namu, ya 'yan uwa. Wa ya taɓa gwada maganar tasha kafin ya ɗora mace da goyo a kanta? Wa ya leƙa bayan rumbu kafin ya ce wa mara lafiya ita ta jawo? Tsufan magana ba ya mai da ita gaskiya. Mutumin nan ba mugu ba ne. Ya ji tsoron dariyar abokai fiye da tsoron amanar da ke zaune a bayansa, daga baya kunya ta sa ya bar mai rauni ta ɗaukar masa kaya. Masu dariyar suna da kasonsu, mu masu yayatawa muna da namu. Allah ya ba Wasila lafiya, ya karɓi tubansa, ya kiyaye mu daga jin kunyar mutane fiye da jin kunyarsa.

Ya shiga ɗakin, ni ina bakin ƙofa. Ya durƙusa a gefen katifarta.

Ya ce, "Wasila, ba birkin gaba ba ne. Tun makon da aka sa shi na zubar da mansa, don kada a yi mini dariya. Da na ga amalanken na matsa shi, na sake matsawa. Babu komai a ciki."