Nomau da Karen Maƙwabci

Ga ta nan, ga ta nanku. Kun yi shiru? To bari in amsa muku: ta zo mu ji ta.

A wani gari an yi wani mutum sunansa Nomau. An ce kakan kakana ne, kuma ban musa ba, don halinsa kaf yana jikina. Maƙwabcinsa Barmo mafarauci yana da baƙin kare, ana ce masa Duna. Duna kuwa ba ya gajiya da haushi. Kaza ta gifta, haushi. Ganye ya faɗo, haushi. In babu komai, sai ya yi wa inuwarsa.

Kuluwa, matar Nomau, ciwon kai ya hana ta sakat. Sai ta ce, "Malam, ko ka yi wa Barmo magana, ko in tafi gidanmu. Na gaji."

Nomau ya ce, "Yau ɗin nan zai ji ni."

Ya fito yana huci, sai ga Barmo a ƙofar gida. Barmo ya ce, "Maƙwabci, ina fata Duna ba ya damun ku?"

Kun san mu da kunya. Nomau ya washe baki ya ce, "Haba, wane irin damu! Ai haushinsa ma ɗebe mana kewa yake yi."

Da Barmo ya ba da baya, sai Nomau ya zarce wurin mai unguwa ya kai ƙara. Mai unguwa ya ce, "Ka gaya wa mai karen?"

"Ranka ya daɗe, ai maƙwabci ne, da wane ido zan kalle shi?"

"To yaya haushin yake? Yi mu ji."

Nomau ya gyara murya ya ce, "Wau, wau."

Mai unguwa ya ce, "Wannan ai bai kai na kyanwa ba. Je ka wurin dagaci."

Nomau ya ji haushin an raina ƙararsa. Sai ya shiga bayan gari ya yi ta gwaji har muryarsa ta buɗe. Ya je gaban dagaci. Dagaci ya ce, "Ka gaya wa mai karen?"

"Allah ya ja zamaninka, ai maƙwabci ne."

"To yi mu ji."

Nomau ya ce, "Wau! Wau! Wauuu!" Har awaki suka tsinke igiya.

Dagaci ya ce, "Wannan ya fi ƙarfina. Sai ƙaramar hukuma."

Sai Nomau ya ɗaura ɗamara ya nufi sakatariya. Ciyaman ya ce, "Ka gaya wa mai karen?"

"Yallaɓai, ai maƙwabci ne."

"To yi mu ji."

Nomau ya durƙusa, hannu da gwiwa, ya ɗaga kai sama ya saki haushi. Ma'aikata suka fito suna tafi, masu talla suka sauke farantansu. Ciyaman ya share hawayen dariya ya ce, "Madalla. Za mu kafa kwamiti."

Kafin Nomau ya iso gida, labari ya riga shi. Ya tarar da Barmo a ƙofa, riƙe da Duna a igiya. Kuluwa tana leƙe ta zaure.

Barmo ya ce, "Maƙwabci, ka ba ni kunya. Da na yi niyyar kai Duna ƙauye wurin ƙanena, don ina tsoron ya dami mutane. Sai na ji wai kana bin gari kana kwaikwayon muryarsa, har gaban Ciyaman. Irin wannan ƙauna ban taɓa gani ba. Ungo, na ba ka shi halak malak."

Nomau ya dubi igiya. Ya dubi Kuluwa. Kuluwa ta zare masa ido. Kalma ɗaya ce ta rage masa, ya ce a'a. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa, "Kai, na gode! Allah ya bar zumunci."

Kuluwa ta juya. Ta shiga ta ɗauro kayanta, ta wuce su ko waiwaye babu. Nomau ya zauna a zaure, baƙin ciki kamar ya kashe shi. Duna ya kwanta gefensa, ya kaɗa wutsiya ya ce, "Maigida, wa zai fara, ni ko kai?"

To, yara, abin da ya dame ku da maƙwabci, ku gaya wa maƙwabci, kada ku tsallake shi ku tafi hukuma. Ni dai na faɗa muku. Akuyar maƙwabcina tana cinye mini dawa, kuma ɗazun nan na ce masa ta yi kyau.

Ƙurunƙus kan ɗan kwikwiyo.