Katantanwar da Ta Shiga Ruwan Kifi

Akwai wani mutum da matarsa ta kwanta ciwo, ɓarin jikinta ya shanye, ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. 'Ya'yansu sun girma, kowa ya kama garin da yake nema. Kullum da safe mutumin yakan ɗauko ta ya kwantar a doguwar kujera a falo, ya ajiye mata ruwa da abinci kusa da hannunta mai lafiya, sa'an nan ya tafi aiki. Haka take wuni ita kaɗai.

Da ya ga kaɗaici yana cinta fiye da ciwon, sai ya sayo akwatin gilashi irin wanda ake kiwon kifin ado a ciki. Ya shimfiɗa tsakuwa a ƙasa, ya cika shi da ruwa, ya sa ɗan injin tace ruwa, ya zuba ƙananan kifaye, waɗansu ja, waɗansu ruwan zinariya, ya ajiye daidai inda idonta zai kai. Matar kuwa ta sami abokan wuni. Ta san kowane kifi da halinsa, mai haɗama da mai ɓuya. In mijin ya dawo, takan ba shi labarinsu kamar labarin maƙwabta, har ta yi dariya.

Wata rana yana wucewa ta bakin wani kududdufi, ya hangi ciyawar ruwa kore shar. Ya tsinko ya kawo gida, ya dasa ta cikin tsakuwa, bai ko ɗauraye ta ba. Bai san akwai ƙwai manne a ƙarƙashin ganyenta ba.

Ba a daɗe ba matar ta ce, “Maigida, na ga waɗansu 'yan katantanwa a jikin gilashin. Ka cire su mana.”

Ya sunkuya ya duba. Ba su fi ƙwayar dawa girma ba. Ya ce, “Waɗannan? Ƙyale su, ba abin da za su yi.”

Mutumin kuwa mai sakin hannu ne wajen zuba abinci, domin yana son ganin kifayen suna rububi. Abin da suka rage yakan nutse ya shige cikin tsakuwa, ya zama rabon katantanwa. Suka ci suka yi ƙwai, 'ya'yan suka tashi suka yi nasu. Suka huhhuda ciyawar, suka toshe ɗan injin da yake tace ruwan, suka lulluɓe gilashin, har sai matar ta leƙa ta tsakaninsu kafin ta ga kifayenta.

Wan mutumin, wanda ya daɗe yana kiwon irin wannan kifi, ya zo gaishe da marar lafiya. Da ya ga akwatin sai ya ce wa ƙanensa, “Kai ne kake ciyar da su. Rage abinci. Ka riƙa jefa ganyen kabeji a ruwan, in sun taru a kansa ka ɗauke ka zubar. Ƙwan kuma ka goge da hannunka. Kullum, ba fashi.”

Ya ce, “Yaya, har yaushe?”

“Har su ƙare.”

“Na ji ana sayar da magani.”

Wan ya ce, “Ana sayarwa. Amma sun riga sun yi yawa. In suka mutu gaba ɗaya a cikin ruwan nan, ina mushensu zai tafi? Kada ka zuba.”

Mutumin ya yi aikin kabeji na 'yan kwanaki, ya gaji, ya bari. Ana nan sai aka aiko cewa matan zumunta na cocinsu za su zo ran Lahadi su yi wa matarsa addu'a. Ya dubi gilashin da ya yi baƙi da katantanwa, kunya ta kama shi. Ya tafi kasuwa ya sayo maganin.

Matar ta ce, “Maigida, ba Yaya ya hana ba?”

Ya ce, “Ba gidan Yaya za a zo ba.” Ya buɗe kwalbar ya tsiyaya.

Kafin Lahadi katantanwa suka saki gilashi suka zube. Ya kwashe waɗanda ido yake gani, ya goge gilashin tas. Masu yawan kuwa suna can cikin tsakuwa da cikin injin, bai tono su ba. Mata suka zo, suka yi waƙa, suka yi addu'a. Shugabarsu ta ce, “Kai, Baba, ka iya kula da abu! Dubi ruwa garau.” Mutumin ya ji daɗi ƙwarai.

Da gari ya waye ya kwantar da matarsa a kujera, ya tafi aiki. Da hantsi ruwan ya fara yin fari-fari, gama mushen da ke cikin tsakuwa ya soma ruɓa. Kifayen suka hau sama suna buɗe baki. Matar ta yi kira, ba wanda ya ji. Ta miƙa hannunta mai lafiya, bai kai ba. Tana kallo, kifi na fari ya juya cikinsa sama, wani ya bi shi, wani ya bi.

Da yamma wari ne ya tare mutumin tun daga bakin ƙofa. Ya jefar da jakarsa, ya ɗauko bokiti da gudu don ya canja ruwan, amma babu sauran mai rai. Ya durƙusa kusa da matarsa ya ce, “Zan sayo miki waɗansu.”

Ta ce, “Tun hantsi suke mutuwa a gabana. Na kira har muryata ta dushe.” Sa'an nan ta ce, “Juya ni wajen bango.”

Ya juya ta. Ya ɗauki akwatin ya fita da shi bayan gida.

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Akwatin nan gidanka ne, da zuciyarka. Katantanwa su ne zunuban da kake kira ƙanana: 'yar ƙarya, hira a waya da wadda ba matarka ba, kwalbar giya ɗaya a hanyar gida, fushin da ka ƙi saki. Sukan shigo manne da abin da ya yi maka kyau a ido. Ba su da ƙarfin kansu, kai ne kake zuba musu abinci kowace rana.

Maganin kuwa shi ne gyaran da ake yi don idon mutane. Mutum ya ji fasto zai zo, ko ya ga asirinsa yana gab da tonuwa, sai ya goge abin da ake gani, ya bar sauran binne a ciki. Abin da aka binne ba a furta ba, ruɓa yake yi. Tuba ta gaskiya aikin hannu ce: ka tono, ka kira abin da sunansa a gaban Ubangiji da gaban wanda ka cuta, ka fitar da shi waje, gobe ma ka sake dubawa.

Kada kuma ka ce kanka kaɗai kake cuta. Ranar da ruwan ya lalace mutumin nan yana wurin aiki. Matarsa ce ta sha warin. A gidanka ma akwai waɗanda ba su da inda za su gudu, matarka, 'ya'yanka, tsohuwarka, su ne za su zauna cikin abin da ka ɓoye. Ubangiji yana gafarta wa mai tuba, wannan gaskiya ne. Amma akwai abin da in ya mutu a gida, gafara ba ta tashe shi a wannan duniya. Saboda haka kada ka jira Lahadi mai zuwa. In ka koma gida yau, ka naɗe hannun riga.